Ƙullin La'asar a Butar Kaka

Ban samu jana'izar Kaka ba. Motar da na shiga daga Gusau ta tsaya a Anka, direba ya ce ko za a haɗa shi da Allah ba zai ɗauki hanyar Bagega bayan azahar ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Sai washegari da hantsi na isa ƙauyenmu a bayan babur, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an riga an kai ta. Daga ranar kuma hanyar ta rufe ruf. Masu babur suka ce an ga mutanen daji kusa da gada, kowa ya zauna inda yake. Kwana biyu na zo yi, ga shi yau kwana na shida, ina rubuta wannan a cikin ɗakinta.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya tuna. Liman ya ce rabin garin nan a hannunta suka faɗo duniya, don ta fi shekara arba'in tana ungozoma. Maƙerin garinmu, wanda shi ma tsufa ya rankwafar, ya shafa addu'a sannan ya ce, "Sau ukku tana maido man wuƙa guda. Wai ƙotar ta yi ma hannun mace girma. Har rantsuwa na yi ba ni ƙara yi mata aiki." Ya goge ido da bakin rawani. "Kuma irin wuƙag ga ita mata sunka dinga saye har yau." Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ake yi a gidan makoki a haɗiye.

Akwai Sista, nas ɗin ɗakin shan magani na garinmu, Kirista ce 'yar Filato da ta daɗe a cikinmu har Hausarta ta koma tamu. Ta yafa mayafi ta zauna cikin mata, ta yi kukan da ya fi na wasu 'yan gida. Da aka ba ta haƙuri, abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Malamata ce."

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ne babban gida yanzu, kuma shi ya ɗauko maganar da kowa ke kauce wa. "Yarinyag ga hwa? Wa za shi riƙe ta?" Yana nufin 'yar farin Yayana, wadda gari duka ke kira 'Yar Kaka. Shekarunta sha ɗaya. Kunnenta na hagu ba ya ji, maganarta na da nauyi, kuma tun da aka yaye ta a ɗakin Kaka take kwana. Baffa ya ce da hanya ta buɗe a kai ta Gummi wurin ƙanwarsa. Mahaifiyar yarinyar tana nan da ranta, taku ashirin ne tsakanin ɗakinta da na Kaka, kuma ta ji maganar. Ta ci gaba da wanke kwanoninta ba ta ɗago ba. A wajenmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban surukai, ko da zuciyarta na cin wuta. Shekara sha ɗaya ban taɓa jin matar Yaya ta ce komai game da yarinyar nan ba sai "waccan".

Ni kuwa abin da ya hana ni barci daban ne, don ina da hannu a kunnen nan da ba ya ji. Shi ya sa nake rubutu. Ba na son a tuna Kaka da faɗa da yankan cibi kawai.

Aikina a Gusau shi ne tsara yadda abu zai yi wa mai amfani da shi sauƙi: allon waya, fom, inda mutum zai danna da abin da zai gani bayan ya danna. Baffa in zai gabatar da ni sai ya ce, "Ɗanmu mai yi ma waya kwalliya." Ba na gyara masa, don ni ma da haka na ɗauki aikin. Wadda ta cire min wannan tunani ba ta taɓa riƙe biro ba.

Kaka uwar mahaifinmu ce. Inna ta rasu muna ƙanana, ita ta rene mu ni da Yaya. Ni take kira Maigida, wai mijinta na boko da ba ya kawo cefane sai surutu. Tana da wata ɗabi'a da muka ɗauka rigima ce kawai. Duk sabon abin da aka kawo gida, sai ta ce, "Ba ni shi in gani," ta maƙale hannun hagu a baya, ta gwada shi da dama kaɗai. Yaya ya taɓa sayo mata bokiti mai murfi daga kasuwar Anka, ja wur, yana ta murna. Ta yi ta kokawa da murfin da hannu ɗaya bai buɗu ba. Ta tura masa da ƙafa.

"Wanda yay yi wanga bai taɓa goyo ba," ta ce. "Mace hannu guda gare ta. Gudan na yaro na."

Bokitin ya ƙare a wurin kaji. Haka tocilan da na kawo mata, wadda sai an danna sau uku take kawo farin haske. Ta ce kafin ta gama lissafin dannawa kunama ta gama aikinta. Ta koma wa tsohuwarta da ake ɗaure wa da roba. Ita ce kuma ta sa aka rage ƙafar kujerar da masu naƙuda ke dafawa, bayan ta yi sati tana gaba da kafinta. Mu dai dariya muke yi mata, muna cewa tsohuwar nan ba a iya mata.

Sai shekarun nan da zinare ya shigo gidaje. Maza na kawo dutse daga rami, ana daka shi a turmi a tsakar gida, ƙura na sauka kan kwanon tuwo da kan yara masu rarrafe. Ba mu san akwai dalma a ciki ba sai da yara suka fara jijjiga suna mutuwa, gida bayan gida. Kaka ta yi wa yaran da ita ta yanke wa cibi wanka na ƙarshe har ta daina ƙirgawa. Daga baya masu agaji suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, aka fara auna jinin yara. Waɗanda abin ya yi wa tsanani a kwantar da su, sauran a ba su magani su sha a gida. 'Yar Kaka, lokacin ba ta cika shekara uku ba, tana cikin masu sha a gida.

A lokacin na gama karatun kwamfuta, wata ƙaramar ƙungiya mai buga takardun wayar da kai ta ɗauke ni aiki a Anka. Aka ce in tsara katin da zai tuna wa iyaye mata lokacin ba da magani, sau uku a rana. Kaina ya kumbura. Na yi kati mai sheƙi, kore da ruwan ɗorawa, da hoton agogo uku, da hoton uwa tana murmushi da cokali a hannu, da ƙananan gidaje da za a riƙa yi wa alama da biro. A sama akwai layin da ake rubuta sunan yaro. Har gwaji muka yi, ba a ce ba mu yi ba. Muka tara iyaye mata a rumfa a garinmu, na ɗaga katin na yi bayani.

"Kun gane?"

"Mun gane."

"Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau ƙwarai."

Na rubuta a rahoto cewa kowa ya gane. Abin da ban rubuta ba, don ban ma gan shi a matsayin komai ba, shi ne tsofaffin da ke zaune a gindin bishiyar bedi a waje. An ce iyaye mata kaɗai za su shiga rumfa, su kuwa kakanni ne, kowace da jika a baya. Kaka na cikinsu da yarinyar a goye. Na wuce ta, har na tsokane ta na ce wannan taron na 'yan mata ne, ita ta tsufa. Ta ce in je, da ma ta gaji da ni.

Matar Yaya ce ta shiga rumfa, ita aka koya wa, ita aka ba kati, ni da hannuna na rubuta sunan yarinyar a kai. Da suka koma gida ta durƙusa a ƙofar Kaka ta ajiye ledar magani, ta ce, "Ga shi an ba da," ta tashi. Katin kuwa ta kai shi cikin jerenta, ta jingina a bayan kwalla. Ba ta taɓa mallakar takarda mai kyansa ba, ba za ta ɓata shi da zane ba, kuma ma babu biro a gidan sai nawa, ni kuma ina Anka. Kaka ta ɗauki maganin kamar yadda ta san magani: sau ɗaya da safe, a kan kunu.

Matar Yaya ta san sau uku ne. Wannan shi ke ci min rai har yau. Daga baya ta gaya wa Sista cewa kullum da azahar sai ta ɗauki tsintsiya ta je ƙofar Kaka tana share wurin da ta riga ta share, tana so ta yi magana, bakinta ya ƙi. Ta yaya za ta dubi kakar mijinta ta koya mata renon 'yar fari? Yaya yana rami, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Ta yi ta shara, kwanaki suna wucewa.

Ranar wata Juma'a na zo gida, muna zaune bayan an sauko masallaci, sai yarinyar ta sandare a cinyar Kaka. Idanu suka juye, haƙora suka datse. Na tuƙa babur zuwa Anka, Kaka a bayana ta rungume ta tana kiran sunayen Allah a kunnenta. Sun yi sati uku a kwance. Sista ce ta duba ledar maganin ta ga ya yi saura da yawa, nan magana ta fito.

Gida ya taso wa matar Yaya. Baffa ya ce an koya mata, an ba ta takarda, me kuma take so? Ni ma na sa baki, Allah ya yafe min. Na ce, "Har hoto na yi mata." Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma.

Kaka ba ta tanka ba sai da aka sallamo su. Washegari da rana ta aika a kira ni.

"Maigida, zo ka gwada man takardag ga taka."

Ta sa aka ɗauko katin daga jere. Ta miƙo min yarinyar, ta miƙo maganin, da cokali, da ɗan kwanon zuma, ta ce in ciro birona. Maganin irin mai kwanso ne da ake buɗewa a zuba garin a zuma, kuma warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Yarinyar na jin warin ta fara harbi. Na danne ta da hagu, na buɗe kwanson da haƙori, rabi ya zube a rigata. Zuma ta bi min gwiwar hannu. Katin ya faɗi ƙasa. Da ƙyar na samu wani abu ya shiga bakinta, ina haki kamar na yi noma.

"To, yi alamar," in ji Kaka.

"Da wane hannu?"

"Ni ma shi nika tambaya." Ta karɓi yarinyar ta saɓa a kafaɗa. "Kuma agogon ga naka, wa ad da agogo gidan ga? Ka tara ɗiyan mutane ka ce ko ya yi kyau. Wace 'yar mutunci za ta ce ma mai abu abinai bai yi kyau ba? Ni da nika riƙe da yarinya ka wuce ni gindin icce, har da yi man ba'a."

Maimakon in yi shiru sai na hau. Na ce mun bi ƙa'ida, katin ba shi da laifi, rashin ilimi ne, kuma wannan kunyar ta banza ita ya kamata a bari. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kunyag ga nan ka ishe ta, nan za ka bar ta. Takarda anka ce ka yi ma mutanen gidan ga, kai ko ka tahi ka yi ma waɗansu mutane da ke cikin kanka. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Ina fita na ga matar Yaya ta ɗauki katin daga ƙasa, ta goge shi da gefen mayafinta, ta mayar cikin jere. Na yi sati ban ci abinci a ɗakin Kaka ba, ita kuma ba ta aiko ba.

A cikin satin nan ne ta je har zauren Baffa, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kowa ya ji: duk wanda ya ƙara ɗora wa matar Yaya laifi, ita da shi ne. "Laihina na. Ni anka ba magani ban tambaya ba." Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci kati ba. Ta ɗauke kayan daga kan matar Yaya, ta ɗauke daga kaina, ta aza wa kanta. Har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba, ko a cikin wasa, ita da ba ta barin tsokana ta wuce ta.

Sai ta je wurin Sista da ƙafarta ta ce a yi mata bayani ita. Sista ta ce sau uku. Kaka ta ce, "Sau ukku? Ni sau biyat nika ɗaukar buta." Ta dawo gida ta yaga wani tsohon zane sili-sili. Kullum bayan isha'i sai ta naɗe kowane kwanso a 'yar leda, ta ƙulle shi a tsumma, ta ɗaura a hannun butar alwalarta. Ƙulli uku: na asuba, na azahar, na isha'i. In ta miƙa hannu za ta yi alwala, ƙullin ne zai fara taɓa ta. Irin ɗaurin zarge take yi, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Babu abin da za a tuna, babu abin da za a rubuta. Ƙullin da ya rage shi ne maganin da ba a sha ba.

Da na sauko daga fushina na dawo cin tuwo, na lura ba a cikin ɗaki take ajiye butar ba. Ta sa an kafa ƙusa a waje, a saman ƙofarta, inda yara ba sa kaiwa, daidai inda ya kalli murhun matar Yaya. Na ce rana za ta ɓata maganin. Ta ce akwai inuwar rumfa, sannan ta rage murya.

"Ba don ni nar rataye ta nan ba."

Ban gane ba sai ran da ta dawo daga karɓar wata haihuwa mai wuya, barci ya sace ta a zaune, azahar ta wuce. Ina kallo matar Yaya ta ɗaga kai daga murhu ta dubi ƙusar. Ta tashi, ta sauke butar, ta cika ta da ruwa, ta durƙusa ta ajiye a ƙafar Kaka.

"Kaka, lokacin salla ya yi."

Kaka ta buɗe ido ta dubi ƙullin. "Allah shi yi miki albarka."

Babu wadda ta ambaci yarinya a cikinsu, yarinya kuma ta sha maganinta. Ni da na yi karatu na yi kati ne don a yaba min, ita kuwa ta samo wa matar nan hanyar magana ba tare da ta buɗe baki ba.

Na ɗauki labarin da zafinsa na kai wa Oga a ofis. Mutum ne mai kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya. "Tsumma? Hoton tsumma zan sa a rahoto?" Ya nuna min kwalayen katin da aka riga aka buga, sun kusa taɓa rufi. Ya ce matsalar ita ce matan ba su waye ba, za a ƙara tara su a sake bayani. Ni kuma in ƙara girman agogon a bugu na gaba.

Na ce, "To."

Irin "to" ɗin da matan rumfa suka ce min, ita na ce masa. Na koma kan kwamfuta na ƙara girman agogo. Ina da aiki sabo, ina tsoron a ce ɗan ƙauye ya kawo ƙauyanci, kuma ban iya cewa a gidanmu katin ya fara kasawa ba. Wannan kunyar ban san ranar da za ta bar ni ba.

Sista ce ta yi abin da na kasa. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta fara fita gindin bedi tana kiran tsofaffin ciki. Kaka kuma, da yake babu gidan da ba ta shiga, ta riƙa bi tana yaga zannuwan mutane. Kafin damina ta wuce, in ka leƙa gidajen garinmu sai ka ga butoci da tsummoki a hannu. Babu rahoton da ya ambace su.

'Yar Kaka ta rayu, amma kunnen ya tafi, harshen ya yi nauyi. Sista ta sha gaya min cewa dalmar ta riga ta yi yawa a jininta, ko da an ba da maganin daidai ba lallai a tsira da kunnen ba. Ban sani ba ko gaskiya ce ko tana sanyaya min rai ne. Na dai san tun daga lokacin, duk aikin da aka ba ni sai na ce a bar ni in je in ga wanda zai riƙe abin da kansa, da abin da ke ɗaya hannun nasa. Wani lokaci a bar ni. Sau da yawa a ce lokaci ya ƙure, in dai sa launi mai kyau, ni kuma in ce to.

A shekarun ƙarshe hawan jini ya kama Kaka, Sista ta ɗora ta kan ƙwaya, safe da la'asar. Idonta ya yi rauni, sai aikin ƙulli ya koma hannun 'Yar Kaka. Kullum ita ke yaga tsumma ta ɗaura biyu, Kaka na mita wai ɗaurin ya yi tauri, yarinyar na dariya. In na zo hutu na ce Hajiya an tsufa, sai ta ce in tsufan ya dame ni in sake ta mana, manema na layi.

Matan gida sun ba ni labarin ranar da ta rasu. Ta yi azahar, ta kishingiɗa a tabarma a ƙofar ɗaki. Aka kira la'asar ba ta tashi ba. Yarinyar ta sauke butar ta ajiye a ƙafarta, ta tsuguna tana jira, kamar yadda ta taso tana ganin ana yi. Da jiran ya yi yawa sai ta ɗauki butar ta ratsa tsakar gida, ta ajiye ta a ƙafar mahaifiyarta. Matar Yaya na ganin ƙullin ta saki muciya.

Aka mayar da butar kan ƙusarta, tun ranar tana nan da ƙullin la'asar, babu wanda ya taɓa. Yarinyar kuwa a ƙarƙashin ƙusar take wuni. Ni kuma hanya ta tsare ni a gidan da duk inda na juya sai na ga aikina. Shekaranjiya na shiga gaida matar Yaya, na hango katin a bayan kwalla, korensa ya koɗe, babu alama ko ɗaya a gidajensa.

Jiya labari ya zo cewa wataƙila a bi hanya ranar kasuwa. Baffa ya shigo cikin gida da yamma, Yaya na bayansa, ya ce a haɗa kayan yarinya. Ya juyo wurina. "Kai da ka yi boko, ko ba haka ba?" Na ji "to" ɗin nan ta taho har bakina. Ban faɗe ta ba, amma ban faɗi wani abu ba kuma. Na tsaya kamar gunki.

Aka kira la'asar. Yarinyar ta miƙe ta taka turmi ta sauke butar. Ta dubi tabarmar Kaka, babu kowa. Ta fito tsakiyar gida ta tsaya da butar a hannu, ba ta san inda za ta ajiye ta ba.

Matar Yaya ta tashi daga murhu. A gaban Baffa, a gaban mijinta, a gaban matan da suka zo gaisuwa, ta kira yarinyar da sunanta na yanka, sunan da rabona da shi tun ranar da na rubuta shi a saman kati. Yarinyar ba ta waiwaya ba, don ta hagu aka kira ta, kuma ba ta saba jin sunan ba. Uwar ta zagaya ta dama, ta durƙusa daidai kunnen da ke ji, ta sake faɗa. Sannan ta jawo ta jikinta, ta karɓi butar, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baffa, ku yi haƙuri. Ba ta zuwa ko'ina."

Wata tsohuwa ta ce, "La ila." Baffa ya dubi tabarmar da babu kowa a kai. Ya sa takalminsa ya fita masallaci.

Ni kuma na je na zare ƙusar daga ƙofar Kaka, na ɗauko taɓarya na tsaya a ƙofar matar Yaya. Na kusa kafa ta inda ya yi min daidai, sai na tsaya.

"Ina hannunki yaka kaiwa?" na tambaye ta.

Hagunta na riƙe da yarinyar. Ta ɗaga dama ta dafa bango, na kafa ƙusar a wurin.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata mata makwanci, ya sauƙaƙa mata kamar yadda ta yi ta sauƙaƙa wa mutane. Butar na can yanzu a sabuwar ƙofa, ƙullin la'asar na nan a hannunta. Matar Yaya ta ce a bar shi.